KULLUM SHIRI: akwatin Baba Soja da barcin da muke yi

Jikan Soja: Slm jama'ar gida. Ku yi haƙuri yau zan cika ku da surutu, abu ne ya tsaya mini a maƙogwaro tun ranar Asabar na kasa haɗiyewa. Ruwan nan da aka yi ya huda rufin tsohon ɗakin kakanmu a gidanmu na Aboabo, sai muka ce bari a fito da kaya a shanya kafin kafinta ya zo. To a ƙarƙashin gado akwai wani baƙin akwatin ƙarfe da duk wanda ya tashi a gidan ya san shi, na Baba Soja ne, Allah ya jiƙansa, shi ne ya je yaƙin Bama, wato Burma, lokacin yaƙin duniya na biyu. Muna yara ko taɓawa ba ka isa ka yi ba. Na buɗe, littafinsa na sallama daga soja yana nan amma gara ta cinye rabi, ga hotonsa da gajeren wando da dara a ka, ga bel, ga wani tsumma kore da yake naɗe lambobinsa guda huɗu a ciki. Tsumman na nan, lambobin babu. Aka yi ta tambaya, can dai wani ɗan yayata ya amsa wai bara ya haɗa su da tsohuwar fanka da murfin tukunya ya ba masu kwandem, masu sayen tsofaffin ƙarafa. Na ce nawa suka ba ka? Wlh kuɗin ko waken safe da ƙwai ba za su saya ba. Na ce ka san mene ne ka sayar kuwa, ya dube ni ya ce Kawu ai ƙarfe ne kawai.

Ban buge shi ba, don da na zauna na yi tunani laifin namu ne, waye ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa? Daren nan na je bes ɗin yaran layinmu suna shan ataya na ce waye zai gaya mini abin da ya faru a Ankara babban birnin Gana ran 28 ga Fabrairu 1948 in ba shi sidi 50. Su tara ne zaune. Ɗaya ya ce ko ranar aka haifi Abedi Pele ne. Aka kwashe da dariya ni ma na yi, amma na koma gida raina babu daɗi. Tsohon nan in zai tashe mu sallar asuba sai ya buga ƙofa da sanda ya ce kullum shiri! kullum shiri! mun ɗauka shirmen tsufa ne, sai da na girma na gane ashe taken rundunarsu ne, kuma da Hausa yake, yarenmu. Yanzu mu kam ba tuna su muke ba, ba kuma shirin muke ba, sai dai mu ce Gana ƙasar zaman lafiya ce mu ja bargo.

Hajiya Mai Wake: Innalillahi. Yaron nan bai kyauta ba amma ɗana kar ka zage shi, yaran yanzu abin da ba ya cikin waya ba su san shi ba. Allah ya jiƙan Baba Soja, na san shi, shi ne mai ɗingishi da ke zama bakin masallaci da rediyo ko?

Jikan Soja: Shi ne Hajiya. Ɗingishin ma daga can ya zo da shi.

Tsohon Ticha: Wslm. Maganar taken gaskiya ce, Kullum Shiri shi ne taken Gold Coast Regiment kuma sojan ƙasa na Gana suka gaje shi. Dalili kuwa tun daga tushe da Hausa aka gina rundunar. Tun 1879 akwai dakarun da ake kira Hausa Constabulary, a 1901 suka koma rejimanti a ƙarƙashin rundunar Afirka ta Yamma. Baturen da aka kawo shi ya yi hafsa sai ya koyi Hausa, don da ita ake magana a bariki. Amma fa kar mu yi ta buga ƙirji mu kaɗai, yawancin waɗanda Bature ke kira Hausa ba Hausawa ba ne a jini, akwai Gurunsawa, Dagombawa, Farafara, Mosawa, Zabarmawa, Wangarawa, harshe ne da bariki suka haɗa su, kamar dai yadda zango ya haɗa mu yau. Mutumin da aka rubuta cewa shi ya fara harba bindiga a duk sojan Ingila a yaƙin duniya na farko sunansa Alhaji Grunshi, a Togo, watan Agusta 1914, lokacin da aka tafi ƙwace tashar sadarwar Jamus da ke Kamina. Ku duba sunan kawai, Alhaji kuma Grunshi, ai kun ga ɗan zango.

Kuma tarihin nan yana gabanmu kullum ba ma karantawa. Barikin Kamina a Tamale daga nan ya samo suna. Barikin Uaddara da muke wucewa a nan Kumasi kusa da asibitin Gee, sunan wani wuri ne a Habasha inda sojojinmu suka gwabza da Italiya a 1941. Myohaung na Takoradi gari ne a Bama da aka ƙwace daga hannun Japan a Janairu 1945. Burma Camp kuwa sunan ya faɗi kansa. Mutum sama da 60,000 ƙasar nan ta ba da a yaƙi na biyu, lokacin da duka jama'arta ba su kai kwatar na yanzu ba.

Ɗan Alabar: Malam Ticha da girmanka, amma ni fa wannan magana ban yarda da ita ba. Sadaukarwa ga wa? Wace ƙasa? A 1943 akwai Gana ne? Sarkin Ingila suka yi wa yaƙi ba mu ba. Me Bajapane ya yi wa mutumin Aboabo? Me ɗan Italiya ya ci mana? An kwashe bayin Allah an kai su daji sun mutu don Bature ya riƙe mulkin mallakarsa a Indiya, yanzu kuma a ce mu sa jan fure a ƙirji ran 11 ga Nuwamba, ranar tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi, muna jimami. Kuma tunda tarihi ake so a faɗa duka mana, su waye suka raka Bature ya ci Kumasi? Sojan Hausa na Bature Glover a 1874 fa? 1900 da Yaa Asantewaa mai jagorantar mayaƙan Asante ta tsare gwamna Hodgson a cikin fot ɗin nan na Adum, tsohon sansanin Bature, su wa suka tsaya wa Bature da bindiga? Mu je mu tsaya gaban Tonawa, mutanen Asante, muna alfahari da wannan? Ni dai a ganina abin da ya wuce a bar shi ya wuce

Baba Sawaba: Kai yaro ka iya bakinka

Ɗan Alabar: Baba ban zagi kowa ba tambaya na yi

Tsohon Ticha: Alhaji ƙyale shi, tambayarsa tana kan hanya, kuma abin da ya faɗa na 1874 da 1900 ba ƙarya ba ne. Ni da na koyar da tarihi shekara da shekaru ban taɓa ɓoye wa yara wannan ba. Amma ɗana akwai abin da ka tsallake. Da yawa cikin sojan farko bayi ne da suka gudo, musamman daga ƙasar Gurunsi bayan ɓarnar su Babatu masu kamen bayi, wanda ba shi da gari ba shi da dangi bariki ne ya zama gidansa. A yaƙi na biyu kuma a arewa sarakuna ake ɗora wa adadi, hakimi ya ce kawo mutum kaza, sarki ya duba ya tura wanda ba shi da mai tsaya masa. Wasu kuma yunwa ce ta kai su, wasu kakin ne ya burge su. Ba wanda ya ce don son Sarki Joji suka tafi. Abin da ya sa nake cewa ƙasar nan tana da bashinsu a wuya shi ne abin da suka yi da suka dawo.

An yi musu alkawarin fansho da aiki, suka dawo ba aiki, kuɗin sallama kuma tsadar kaya ta cinye shi. A daidai lokacin Nii Kwabena Bonne ya jagoranci ƙaurace wa kantunan Turawa tun ƙarshen Janairu 1948 saboda tsada. Ran 28 ga Fabrairu tsofaffin sojoji suka yi jerin gwano ba makami za su kai takardar koke wa gwamna Creasy a Osu. A mararrabar Christiansborg 'yan sanda suka tare su, Baturen ɗan sanda Imray ya karɓi bindiga ya harba da hannunsa, Sajan Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey suka faɗi. Mutanen da Japan ba ta kashe ba. Daga nan gari ya kama da wuta, aka fasa kantuna, abin ya zo har nan Kumasi, mutum 29 suka mutu, sama da 200 suka ji rauni. Cikin Maris aka kama su Danquah da Nkrumah su shida, aka kawo kwamitin binciken Watson, daga shi sai na Coussey mai tsara tsarin mulki, a 1949 Nkrumah ya kafa jam'iyyar CPP, 1951 zaɓe, 1957 tutar Bature ta sauka. Ka ƙirga, shekara tara kacal tsakanin harbin nan da 6 ga Maris. Mutumin da ya ga Bature yana kuka a rami yana kiran uwarsa a dajin Kaladan na Bama ba ya dawowa gida ya ci gaba da jin tsoronsa kamar da.

'Yar Nima: Malam Allah ya ƙara lafiya. Ni abin da ke ba ni haushi ku ciro sidi 10 ku duba, mutum shidan nan ne a kai, sidi 20 su ne, 50 su ne, 100 su ne. Ukun da aka harbe fa? Titi aka ba su kuma titin ma ba sunansu ba ne kwanan wata ne. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Ina bin 28th February Road ɗin nan a motar haya ta trotro kusan kullum in zan je Makola wlh sai yau na haɗa shi da wannan labari

Ɗan Alabar: To kin gani Anti, ai maganata ke nan, talaka ne ke mutuwa manya su hau kan kuɗi. To me ya sa zan tuna

'Yar Nima: Ai don haka ɗin ne za ka tuna, in kai ba ka tuna da naka ba waye zai tuna maka

Hajiya Mai Wake: Bari in ba ku nawa tunda an taɓo. Ƙanin babana shi ma ya je, amma shi ba bindiga ya riƙe ba kaya ya ɗauka, don a can dajin mota ba ta shiga, jirgin sama ne ke jefo abinci da harsashi su kuma su ɗora a ka su hau dutse su sauka cikin ruwan sama. Ya ce tun daga nan jirgin ruwa suka shiga makonni suna amai kafin Bombay. Da ya dawo tsakiyar kansa gashi bai sake fitowa ba, wajen ya yi kanta kamar gwiwar raƙumi, muna yara muna taɓawa muna dariya. Bai taɓa ba mu labarin yaƙi ba ko sau ɗaya, abu ɗaya dai, ba ya cin shinkafa. Ko da sallah aka dafa sai a yi masa tuwo daban. In damina ta yi ƙarfi da dare sai ya fito tsakar gida ya tsuguna jikin bango yana magana shi kaɗai, kakarmu ta fito ta lulluɓe shi da zane ta zauna kusa da shi har ruwa ya ɗauke. Mutane suka ce aljanun Bama ne suka biyo shi, an yi rubutu an yi hayaƙi. Yanzu ne jikata da ke karatun nas take ce mini ciwo ne sananne na waɗanda suka ga yaƙi, da magani. Ya ƙare rayuwarsa yana gadi a wani kanti a Adum.

Abin da ba na mantawa shi ne 1969, ina 'yar yarinya. Da Busia ya ce baƙi marasa takarda su fita cikin sati biyu, layinmu ya zama kamar an yi mutuwa, ana sayar da gado da tukwane a banza, lori na ɗiban mutane. Tsohon nan da aka haife shi a nan ya yi wa ƙasar nan dako a ka har Bama, sai ga shi yana yawo da littafin sojansa a aljihun gaba ko bayi za shi, don kar a tare shi a ce baƙo ne. Shi ya sa ɗana Jikan Soja littafin nan ko rabi ne ya rage ka adana shi.

Jikan Soja: Allahu akbar. Hajiya kin sa ni hawaye a cikin shago yara na kallona

Baba Sawaba: 69 ba a magana. Allah kar ya maimaita

Sajan Mai Ritaya: Slm. Tun ɗazu ina karantawa ban so in sa baki ba amma dole. Shekara 22 na yi a kaki, na je Labanan sau biyu na je Laberiya. Ɗan Alabar ka ce wancan na Bature ne, to na ji, na bayan 'yanci fa na waye? 1960 Nkrumah ya tura soja Kwango, a Port Francqui cikin 1961 an kashe mana sama da 40 a tashi ɗaya, waye a nan ya taɓa jin an yi musu addu'a a masallaci? Laberiya 1990 Janar Quainoo namu ne ya fara jan ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma. Ruwanda 1994 da Beljiyam ta kwashe sojanta Majalisar Ɗinkin Duniya ta rage runduna, Janar Anyidoho da yaranmu suka tsaya ana yanka mutane kamar kaji suka tsare dubbai da ransu. Wannan duniya ta sani, mu ne ba mu sani ba.

Amma ba wannan ne ya sa na yi magana ba. Monrobiya da na gani gari ne kamar Kumasi, da kasuwa da silima da masu sayar da burodi, da zangonsu ma. Wani dattijo Bamandinge da muka samu a ɓoye a masallaci ya ce mini Sajan mu ma da cewa muke irin wannan sai dai a wata ƙasa. Na ga yaro bai kai ɗan autana ba riƙe da AK ya sa hular gashin mata yana tare hanya, shi zai ce ka wuce ko ka mutu. Tun daga ranar in na ji mutum ya ce mu 'yan Gana ba ma son faɗa jininmu ne haka sai in yi shiru kawai. Babu wani jini. Ba a fafe gora ranar tafiya, abin da kullum shiri ke nufi ke nan, ba wai ka kwana da bindiga ba

Mai Albasa: Sajan ka gama magana wlh. Ni da nake hanya zan gaya muku. Shekarun baya mota za ta taso daga Galmi da albasa ta ratsa Burkina ta shigo ta Bawku ko Paga direba na barcinsa inda dare ya yi masa, yanzu fa? saboda 'yan ta'adda akwai hanyoyin da sai an tara motoci soja sun raka, akwai waɗanda an daina bi kwata-kwata, kaya su kwana su kwana a hanya albasa ta ruɓe ku kuma a Kumasi ku ce mun tsauwala kuɗi. Burkina ɗin nan da muke zuwa sayen tumatir kamar gidan kawu, wa ya taɓa zaton za ta koma haka, juyin mulki biyu a 2022 kaɗai. Togo da ke nan kusa Mayu 2022 an kashe musu soja 8 a arewa kusa da iyaka. Kodebuwa an harbe mutane a bakin teku a Grand-Bassam tun 2016. Benin ma ta sha. Gabas yamma arewa duk an taɓa, mu ne a tsakiya muna cewa Allah na son Gana. To Allah ba ya son su ne? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ai ruwa ake nema. Kuma ga Bawku shekara nawa ana dokar hana fita ana harbe mutane a mota a hanya, mu a kudu mun mai da shi kamar labarin wata ƙasa

Ɗan Alabar: To wannan na yarda. Amma me za mu yi mu? Mu ne gwamnati? An ce in ka ga wani abu ka kira 999, abokina ɗan zango ya kira ai shi za a fara riƙewa a ce ina ka san su

Sajan Mai Ritaya: Wannan tsoron gaskiya ne ban musa ba, kuma shi kansa rami ne, don jama'ar da ke tsoron jami'an tsaronta ba ta ba su labari. Abin da ya faru a Ejura 2021 da aka harbi masu zanga-zanga ni tsohon soja ne amma na ji kunya. Kaki ba lasisin duka ba ne.

Tsohon Ticha: Kuma masu cewa ba mu taɓa yaƙi a gida ba ƙwaƙwalwarsu ce gajera. 1994 rigima kan kuɗin zabo a kasuwa kusa da Bimbila ta zama yaƙin Konkomba da Nanumba da Dagomba da Gonja, mutum sama da 1,000 suka tafi, ƙauyuka suka ƙone ƙurmus, da yawa cikin waɗanda suka gudo a zangonnin nan namu suka sauka. Zabon dai dalili ne na baki, ainihin abin ƙasa ce da sarauta da aka bari suna ruruwa shekaru ba a kula ba. Maris 2002 aka kashe sarkin Dagomba Ya Na Yakubu Andani a Yendi, sai 2019 aka samu naɗa sabon sarki, shekara 17, kuma da sa hannun Otumfuo sarkin Asante da sauran sarakunan da suka zauna sulhu. Zaman lafiyar da muke taƙama da shi mutane ne suka yi ta zama suna shan wahalarsa. Limamin ƙasa Shehu Sharubutu da ya cika shekara 100 a 2019 ya tashi ya je cocin Katolika a Ankara, wasu ma a cikinmu suka yi ta gunaguni, to irin wannan ne ke riƙe ƙasa ba sa'a ba.

'Yar Nima: Ni dai tsorona ba daga Burkina yake ba daga cikin gida yake. Duk zaɓe a zo a kwashi yaranmu a ba su riga da babur da tramol su zama 'yan macho, wato 'yan bangar siyasa, in an yi harbi ɗan zango ne a ƙasa ɗan zango ne a kurkuku, mai girma kuma yaransa na Kanada. An yi doka a 2019 bayan harbin da aka yi a zaɓen Ayawaso an ce an rushe ƙungiyoyin, to sun canza suna ne kawai. Yaron da ya saba karɓar sidi 200 ya fasa kan ɗan'uwansa gobe wani ya zo da dala da wa'azi mai zafi me zai hana shi? Kakanni an kwashe su Bama jikoki ana kwasarsu rumfar zaɓe

Ɗan Asawase: Anti kin fara siyasa, ai kowa ya san jam'iyyar da ta fara kawo macho

Baba Sawaba: Ga shi nan an fara

Admin: Jama'a don Allah ba NDC ba NPP a wannan zaren, duk wanda ya kawo zan goge. A ci gaba da maganar da ake

Ɗan Alabar: Ni fa har yanzu ina nan kan bakata a abu ɗaya, jan furen nan da bikin 11 ga Nuwamba a maƙabartar Osu na Bature ne, jakadu su zo su ajiye fure su tafi. Su da kansu a 2021 hukumar kaburburan yaƙinsu ta amsa cewa sama da mutum 100,000 'yan Afirka da Asiya da suka mutu a yaƙin farko ba a rubuta sunansu ba kamar yadda aka yi wa Turawa, har ministan tsaronsu ya ba da haƙuri a majalisa. Shekara ɗari kafin haƙuri. In za mu tuna mu tuna irin namu, a sauke Alƙur'ani a kira sunaye a gaya wa yara gaskiya duka har da ta 1900 ɗin, ba a zo ana busa bigila ana yabon Sarkin Ingila ba

Tsohon Ticha: A nan kam ba mu da faɗa da kai. Ashe kana karatu kake ɓoyewa

Ɗan Alabar: Malam dumso ne, yawan ɗauke wutar nan, ya koya mini karatu a waya hhh

Sajan Mai Ritaya: Sai dai kar ka raina masu sa furen, kuɗin da ake tarawa tsofaffin soja ake taimaka wa, kuma akwai namu a ciki. Ku tuna tsohon nan Joseph Hammond, ya yi Bama kuma yana wurin ranar harbin 1948, a 2020 yana da shekara 95 ya yi tafiyar mil 14 a ƙasa cikin sati ɗaya don tara wa ma'aikatan asibiti kuɗi lokacin korona. Mu da ƙafa lafiya daga Aboabo zuwa Asawase sai mun hau pragiya mai ƙafa uku

Hajiya Mai Wake: Sajan kar ka taɓa pragiya gwiwata ba ta da lafiya

Jikan Soja: Na gode jama'a wlh ban zaci abin zai yi nisa haka ba. Jiya da yamma na ɗauki yaron da ya sayar da lambobin a babur muka zaga wajen masu kwandem na Akwatia Line ko Allah zai sa, wani dattijo a cikinsu ya ce irin wannan ba sa narkarwa akwai masu zuwa saye su kai Ankara wa masu tara kayan tarihi, na bara kam sai dai haƙuri. A hanyar dawowa yaron bai ce uffan ba sai da muka kai gida ya ce Kawu wai Bamar nan a ina take. Na nuna masa a waya, ya ce yanzu ai Myanmar aka rubuta, ya yi ta jan taswirar da yatsa daga nan zuwa can yana ƙirga teku. Na ce ranar Asabar zan kai shi fot ɗin Adum ya ga gidan tarihin soja da idonsa, akwai bindigogin da aka ƙwato daga Italiya da Japan a ciki da hotunan rejimanti, ni kaina rabona da shiga tun muna firamare. Duk mai son ya haɗo yaransa mu haɗu bakin ƙofa ƙarfe goma.

Ɗan Alabar: Zan zo amma ni zan yi musu bayanin ɗakin da aka kulle Yaa Asantewaa

Tsohon Ticha: Ka zo, ni ma in jiki ya yarda zan zo in gyara maka kwanan wata. Jikan Soja kafin nan ka ɗauki hoton duk shafin littafin da ya rage ka turo, musamman inda lambarsa ta soja take, in ta fara da GC to ta nan ake bi a nemi bataliyarsa. Kuma ka cire shi daga akwatin nan ka sa a leda mai zif, kar ka yi masa laminetin zafi yana ɓata tsohuwar takarda

Jikan Soja: To Malam. GC ɗin na nan da lamba uku na farko, sauran gara ta ci

Mai Albasa: Ku duba bayan hoton, su kan rubuta a baya

Jikan Soja: Hoton yana wajen gwaggona ta ɗauke ta ce ba ta ƙara yarda da kowa a gidan ba. Sai na je Tafo gobe in Allah ya kai mu